Tambayoyi da Amsoshi kan Kwatanta Ɓangarori da Tara Su a Lissafin Firamare

Yara da yawa suna tafiya lafiya lau da lissafi har zuwa ranar da aka rubuta musu wata lamba a kan wata, aka ja layi a tsakani. Daga nan sai ƙa'idojin da suka saba da su su fara ba su amsoshin da ba daidai ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da iyaye da sababbin malamai suka fi yi game da ɓangarori irin su 1/2 da 2/3 da 5/8, musamman wajen gane wanda ya fi girma da kuma wajen tara su.

Mene ne aikin lambar sama, mene ne kuma aikin lambar ƙasa?

Lambobin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma kusan duk kuskuren da ake yi a wannan babi daga rashin bambance aikinsu yake tasowa. Lambar ƙasa tana faɗin kashi nawa aka raba abu guda daidai wa daida, saboda haka ita ce ke nuna girman kowane kashi. Lambar sama kuwa ƙidaya take yi, tana faɗin kashi nawa aka ɗauka daga cikin irin waɗannan. Idan aka rubuta 3/8, wato uku bisa takwas, ana nufin an raba abu kashi 8 masu girma ɗaya, an ɗauki 3.

Akwai sharaɗi a nan da bai kamata a wuce shi da sauri ba: dole ne rabon ya zama daidai. Idan aka yanka igiya gida huɗu, wani guntun ya fi wani tsawo, ba za a ce kowane guntu rubu'i ne ba. Haka kuma 3/8 lamba ɗaya ce mai mazauninta a layin lambobi, tsakanin 0 da 1, ƙasa da rabi kaɗan. Yaron da yake kallon ta a matsayin 3 daban da 8 daban zai sha wahala a duk abin da zai biyo baya.

Me ya sa 1/8 ya gaza 1/5, alhali 8 ta fi 5?

Saboda yawan rabawa yana rage girman kashi. A ɗauki tsirin takarda biyu masu tsawo ɗaya, a raba na farko gida 5, na biyu gida 8, a ɗora kashi ɗaya na wannan a kan kashi ɗaya na wancan. Nan take ido zai ga cewa na gida 8 ya fi gajarta. Yaro ya shafe shekaru yana koyon cewa 8 tana gaba da 5, kuma gaskiya ce, amma a ƙarƙashin layi babbar lamba tana nufin an tsinka abin ƙanana-ƙanana. Shi ya sa rabi ya fi sulusi, sulusi ya fi rubu'i, rubu'i ya fi humusi, haka abin yake ta raguwa ba iyaka.

Yaushe ake iya gane babba ba tare da yin wani lissafi ba?

A wurare biyu. Idan lambobin ƙasa iri ɗaya ne, kamar 3/7 da 5/7, girman kashi ɗaya ne, don haka mai babbar lambar sama shi ne babba. Idan kuma lambobin sama ne iri ɗaya, kamar 3/7 da 3/10, yawan kashin ɗaya ne, sai a duba wanda kashinsa ya fi girma, wato mai ƙaramar lambar ƙasa. A nan 3/7 ya fi 3/10.

To idan sama da ƙasa duk sun bambanta fa?

Hanyar da ba ta taɓa kasawa ita ce a mayar da ɓangarorin biyu su zama masu lambar ƙasa ɗaya. A ɗauki 3/4 da 5/7. Ana neman lambar da 4 da 7 duk suke shiga cikinta ba tare da saura ba, kuma 28 ta cika wannan sharaɗi. Idan aka sake raba kowane rubu'i gida 7, 3/4 zai koma 21/28, idan kuma aka raba kowane kashi na bakwai gida 4, 5/7 zai koma 20/28. Yanzu ana ƙidaya abu iri ɗaya, 21 da 20, saboda haka 3/4 ne babba, da ratar 1/28 kacal.

Sai dai kafin a kama wannan aiki, yana da kyau a tsaya a dubi lambobin tukuna, domin sau da yawa suna ba da amsa da kansu. Dabara ta farko ita ce a auna su da rabi. Tsakanin 3/8 da 4/7, rabin 8 shi ne 4, kuma 3 ba ta kai ba, ke nan 3/8 yana ƙasa da rabi. Rabin 7 kuwa uku da rabi ne, 4 ta wuce shi, ke nan 4/7 yana sama da rabi. An gama, ba a ninka komai ba.

Dabara ta biyu ita ce a duba abin da ya rage a cika ɗaya. Tsakanin 7/8 da 9/10, na farko saura 1/8 ya cika, na biyu saura 1/10. Tun da 1/10 ya fi ƙanƙanta, 9/10 ne ya fi kusa da ɗaya, shi ne babba. A nan ne wasu ɗalibai suke faɗawa wani rami: suna cewa ai kowanne saura ɗaya ya cika, don haka daidai suke. Ɗayan da ya rage a 7/8 sumuni ne, wanda ya rage a 9/10 kuwa ushuri ne, kuma ba girmansu ɗaya ba. Wanda ya yi shakka ya mayar da su 35/40 da 36/40 ya gani.

Me ya sa darajar ɓangare ba ta canjawa idan aka ninka sama da ƙasa da lamba iri ɗaya?

Wannan tambaya ta cancanci a amsa ta da hannu kafin a amsa ta da alƙalami. A naɗe takarda gida 3 daidai, a buɗe, a shafa wa kashi 2 launi. Wurin da ke da launi 2/3 ne. A sake naɗe takardar biyu ta ɗaya gefen, a buɗe. Yanzu akwai gidaje 6, kuma 4 daga cikinsu ne masu launi. Ba a ƙara launi ko ɗigo ba, ba a kuma goge komai ba, layin naɗi kawai aka ƙara. Wannan shi ne dalilin da ya sa 2/3 da 4/6 suke lamba ɗaya: yawan kashin ya ninka sau biyu, girman kowanne ya ragu da rabi, sai abu biyun suka share juna.

Ƙa'idar ta tsaya ga ninkawa da rabawa kawai. Idan aka ƙara lamba ɗaya a sama da ƙasa, daraja tana canjawa. A ƙara 1 a sama da ƙasan 1/2, sai a sami 2/3, wanda ya fi rabi.

Ninkawa a gicciye da ake koya wa yara, hanya ce mai inganci?

Tana ba da amsa daidai, matuƙar lambobin ƙasa duk sun fi sifiri, kamar yadda suke a lissafin firamare. Don kwatanta 5/8 da 7/11, ana ninka 5 da 11 a sami 55, a ninka 7 da 8 a sami 56, sai a ce 7/11 ne babba. Abin da ake yawan ɓoye wa yaro shi ne cewa wannan ba wata sabuwar hanya ba ce. Lambobin 55 da 56 su ne lambobin saman 55/88 da 56/88, an dai ƙi rubuta 88 ɗin ne saboda iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu.

A ganina bai kamata a fara da ita ba. Yaron da ya haddace gicciye ba tare da sanin inda ya samo asali ba yakan manta wace amsa ce ta wane ɓangare, ko kuma ya kai dabarar inda ba ta da aiki, ya yi gicciye a wurin tarawa ya rubuta 55 da 56 ya rasa abin da zai yi da su. Idan ya riga ya ƙware a daidaita lambar ƙasa, sai a nuna masa ita a matsayin gajeriyar hanya.

Me ya sa ba a tara lambobin ƙasa idan ana tarawa?

Saboda lambar ƙasa ba ƙidaya take yi ba, sunan girman kashi take faɗi. Idan aka tara 2/7 da 3/7, ana cewa ne kashi 2 na bakwai da kashi 3 na bakwai sun zama kashi 5 na bakwai, wato 5/7. Abin ya yi kama da tara tsawo: mita 2 da mita 3 sun zama mita 5, ita mitar tana nan yadda take, adadinta ne ya ƙaru.

Hanya mafi sauƙi ta nuna wa ɗalibi ɓarnar tara ƙasa ita ce a ba shi 1/2 + 1/2. Idan ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, zai sami 2/4, wanda shi ma rabi ne. Sai a tambaye shi ko zai yiwu a haɗa rabi da rabi a tashi da rabi. Ya san ba zai yiwu ba, kuma wannan sanin da yake da shi tun kafin ya shiga aji ya fi kowace ƙa'idar da za a rubuta masa a allo tasiri.

Amma ai a makin jarrabawa ana tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Ina bambancin?

Wannan tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma ɗalibin da ya yi ta ya nuna yana tunani. Idan yaro ya ci 3 cikin tambayoyi 5 a gwaji na farko, ya ci 4 cikin 10 a na biyu, gaskiya ne cewa jimilla ya ci 7 cikin 15. Abin da ya faru shi ne cikakken abin da ake aunawa da shi ya canja: da tambayoyi 5 ne, sannan 10, yanzu an haɗa su sun zama 15. A tarawar ɓangarori kuwa cikakken abin ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Idan aka ce 3/5 + 4/10, ana nufin 3/5 na wani abu da 4/10 na shi wannan abin dai, kuma amsar ita ce 6/10 + 4/10, wato 10/10, ɗaya cif.

Akwai wata alama da ke tona asirin wannan hanya. Duk lokacin da aka tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, amsar tana faɗawa ne a tsakanin ɓangarorin biyu idan sun bambanta. Ga shi nan 7/15 ya fi 4/10 amma bai kai 3/5 ba. Irin wannan lissafi ya fi kusa da neman matsakaici. Tarawa ta gaskiya kuwa dole amsarta ta fi kowanne daga cikin abubuwan da aka tara, tun da duka sun fi sifiri.

Yaya ake tara ɓangarori masu lambar ƙasa daban-daban?

Da irin aikin da aka yi wajen kwatantawa: a fara daidaita girman kashi, sannan a ƙidaya. A ɗauki 1/4 + 1/6. Lambobin da 4 ke shiga cikinsu su ne 4, 8, 12, 16, waɗanda 6 ke shiga cikinsu kuma 6, 12, 18. Sun fara haɗuwa a 12. Saboda haka 1/4 ya koma 3/12, 1/6 ya koma 2/12, jimilla 5/12.

Ana iya tabbatar da wannan amsa da agogo, domin awa tana da minti 60, kuma 60 tana rabuwa da 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20 da 30 ba saura. Rubu'in awa minti 15 ne, sudusin awa minti 10, a haɗe minti 25. A fuskar agogo mai gidaje 12, doguwar allura tana kan lamba 5 a daidai minti 25, wato ta ci gida 5 cikin 12. Amsar alƙalami da amsar agogo sun zo ɗaya. Da an bi hanyar kuskure an sami 2/10, da an ce minti 15 da minti 10 sun ba da minti 12.

Dole ne a nemo mafi ƙanƙantar lambar ƙasa ta bai ɗaya?

Ba dole ba ne. Kowace lamba da duka biyun ke shiga cikinta za ta yi aiki, kuma ninka lambobin ƙasa da juna kullum yana ba da irin wannan lamba. A 7/12 + 5/18, wanda ya ninka 12 da 18 zai sami 216, ya rubuta 126/216 + 60/216, ya tashi da 186/216, sannan ya raba sama da ƙasa da 6 ya sami 31/36. Wanda ya lura cewa 36 ta isa zai rubuta 21/36 + 10/36 ya kai ga 31/36 kai tsaye. Duka biyun daidai ne, na biyun dai ya fi sauƙi kuma ƙofar kuskure ta fi ƙanƙanta a cikinsa. Bai dace a soke amsar yaro don ya bi doguwar hanya ba.

Idan lambobin sun yi girma, yaya za a taƙaita amsa?

Akwai tsohuwar dabara da Yuklid, masanin lissafi Bagirke, ya rubuta a wajajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda masana lissafi na tsohuwar ƙasar Sin su ma suka yi amfani da ita wajen taƙaita ɓangarori. Ana ta ɗebe ƙaramar lamba daga babba har sai an kai ga lambobi biyu iri ɗaya. A gwada da 91/143. A ɗebe 91 daga 143, saura 52. A ɗebe 52 daga 91, saura 39. A ɗebe 39 daga 52, saura 13. A ɗebe 13 daga 39 sau biyu, saura 13. An tsaya a kan 13, ita ce babbar lambar da ke raba duka biyun, kuma da ita 91/143 ya koma 7/11.

Me ake yi idan lambar sama ta fi ta ƙasa, ko kuma akwai cikakkiyar lamba a gefe?

Lambar sama ta fi ta ƙasa ba laifi ba ne, alama ce kawai cewa an wuce ɗaya. Idan aka tara 3/4 da 5/6 za a sami 9/12 + 10/12, wato 19/12. Tun da 12/12 ɗaya ne cikakke, 19/12 yana nufin 1 da 7/12. Idan kuma aka ce a tara 2 da 3/4 da 1 da 5/6, sai a tara cikakkun lambobi daban a sami 3, a tara ɓangarori daban a sami 1 da 7/12, a haɗa su zama 4 da 7/12. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mantawa da ɗayan da ya fito daga ɓangarori, a rubuta 3 da 7/12.

Ta yaya ɗalibi zai gane amsarsa ba daidai ba ce tun kafin malami ya duba?

Ta hanyar yin kirdado kafin ya fara lissafi. Akwai wata tambaya da ta yi suna a tsakanin masu binciken koyar da lissafi, wadda aka yi wa 'yan shekara 13 a wani gwaji na ƙasa baki ɗaya a Amurka a ƙarshen shekarun 1970. An ce su kimanta 12/13 + 7/8, aka ba su zaɓi tsakanin 1, 2, 19 da 21. Kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai suka zaɓi 2, fiye da rabinsu kuwa 19 ko 21 suka zaɓa, wato sun tara lambobin sama kaɗai ko na ƙasa kaɗai. Alhali kuwa 12/13 ya kusa ɗaya, 7/8 ma ya kusa ɗaya, don haka jimillar tana dab da 2. Ainihin amsar ita ce 187/104, wato 1 da 83/104.

Abin da wannan sakamako ya nuna yana da nauyi: yara suna iya haddace matakai ba tare da sun san girman lambobin da suke aiki da su ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata kowane aikin tarawa ya fara da tambaya guda, shin amsar za ta gaza rabi, ko za ta wuce rabi, ko za ta wuce ɗaya. Ɗalibin da ya saba da haka ba zai rubuta 2/5 a matsayin amsar 1/2 + 1/3 ba, domin zai lura cewa ya fara da rabi ya ƙara wani abu, amma ya ƙare a ƙasa da rabi. Amsar daidai ita ce 5/6.

Me zai hana a mayar da komai lamba mai ɗigo a huta?

Wajen kwatantawa hanya ce mai kyau, musamman idan akwai na'urar lissafi a kusa: 5/8 ya zama 0.625, 7/11 ya zama 0.636 da 'yan kai, an ga babba. Matsalar ita ce ɓangarori da yawa ba sa ƙarewa idan aka mayar da su haka. Sulusi yana zama 0.333 har abada, 1/7 kuma yana ta maimaita 142857. Waɗanda suke ƙarewa su ne kawai waɗanda, bayan an taƙaita su, lambar ƙasarsu ta ginu daga ninka 2 da 5 kaɗai, kamar 4, 8, 20 da 25. Wanda ya yanke sulusi a 0.33 ya tara shi sau uku zai sami 0.99, alhali 1/3 + 1/3 + 1/3 ɗaya ne ba ragi. Bugu da ƙari, idan ɗalibi ya kai ga aljabara zai haɗu da ɓangarori masu haruffa a sama da ƙasa, inda babu wata hanya sai daidaita lambar ƙasa.

Tun yaushe mutane suke rubuta ɓangarori haka?

Ba tun farko ba. Mutanen tsohuwar Masar suna rubuta kusan kowane ɓangare ne a matsayin jimillar ɓangarori masu 1 a sama, ban da 2/3 da suke da alama ta musamman dominsa. A wata takardar lissafi da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa a wajajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda yanzu take gidan tarihi na Birtaniya a Landan, an rubuta 2/5 a matsayin 1/3 + 1/15, an kuma rubuta 2/7 a matsayin 1/4 + 1/28. Duk ɗalibin da ya iya darasin nan zai iya tabbatar da su: 5/15 + 1/15 ya ba da 6/15, wato 2/5.

Masana lissafi na Indiya, irin su Brahmagupta a ƙarni na 7, suna ɗora lamba a kan lamba ba tare da layi ba. Layin da ke tsakani ya bayyana a rubuce-rubucen al-Hassar, masanin lissafi na Maroko a ƙarni na 12, sannan Fibonacci, masanin lissafi na Italiya, ya yi amfani da shi a littafinsa na 1202, ta haka ya shiga Turai.

Shin rabi kullum ya fi rubu'i?

A matsayin lambobi, eh, 1/2 ya fi 1/4 a kowane hali. Amma idan ana maganar rabin wani abu da rubu'in wani abu daban, sai an san girman abubuwan biyu tukuna. Rabin igiya mai mita 2 mita 1 ne, rubu'in igiya mai mita 8 kuwa mita 2 ne, ya ninka na farko. Duk kwatantawa da tarawar da aka yi a sama an gina su ne bisa cewa cikakken abin ɗaya ne a ɓangarorin biyu.

Wannan yana da muhimmanci ga mai koyarwa da zane. Idan za a nuna wa yaro 2/3 da 3/4, dole tsirin biyu su zama masu tsawo ɗaya, a jera su ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, bakinsu na hagu a daidai. Idan aka zana na 2/3 ya fi tsawo, yaron zai ga 2/3 ya fi girma, kuma bisa abin da aka zana masa ba za a ce ya yi kuskure ba. Takarda mai gidaje tana sauƙaƙa wannan aiki: a ba kowane tsiri gida 12, sai 2/3 ya ci gida 8, 3/4 ya ci gida 9, ratar da ke tsakaninsu gida ɗaya, wato 1/12.